Bokitin Waɗanda Teku Ta Ci

Tun da hantsi ruwan famfo ya fara gishiri-gishiri a baki, shi ya sa da rana ta kusa faɗuwa na nufi rijiya don in kashe injin jan ruwan yayana Goulven.

Rijiya ɗaya tak ke da ruwan daɗi a tsibirinmu. Ruwanta yana kwance ne a kan na teku kamar mai a kan miya. In ka ja a hankali ka sha, in ka yi haɗama gishiri ya taso. Tun kakanni da guga ake ɗiba, kuma mai ɗiban ƙarshe yakan bar bokiti cike a bakin rijiya saboda waɗanda teku ta ci. Idan teku ta ciko sukan taho da ƙishirwarsu.

Goulven ya san wannan sarai, a nan aka yanke masa cibiya. Amma ya je birni ya koyo iya yi, ya dawo ya buɗe masaukin baƙi mai bahon wanka a kowane ɗaki. Ya liƙe bakin rijiya da siminti, ya dasa inji, bokitin kuma ya shuka fure a ciki. Baƙo guda zai jiƙa jikinsa a ruwan da zai riƙe gida sukutum, ya zubar, ya fito yana yabon iskar teku. Wai shi nan ci gaba ya kawo mana, ci gaban mai haƙan rijiya.

Ban yi nisa ba na ji shi a bayana yana haki, tumbi a gaba. Ya ce in na taɓa injin nan sai dai in nemi wani yayan, baƙi sun cika gida kuma kowa wanka yake so. Na ce ya cika musu bahon da giya, ita ce ba ta yanke masa.

Hanyar ta bi ta bayan maƙabarta, tsakanin katangun dutse. Teku ta ciko. Tsuntsayen da suka saba cika mana kunne sun yi tsit. Injin kaɗai ke gurnani, can sai ya yi tari, ya mutu da kansa.

Sai wari ya buge mu. Ruɓaɓɓiyar ciyawar teku da jiƙaƙƙen ulu.

Ɗis. Ɗis. Alhali ba a ruwan sama.

Suna tsaye a layi tun daga gaɓa har bakin rijiya, kawuna a sunkuye, ruwa na tsiyaya daga tufafinsu. Na gaba ya durƙusa yana kartar simintin da farce.

"Aziliz," Goulven ya raɗa min, "su wane ne waɗannan?"

"Ka fi ni sani, Yaya."

Mai kartar ya juyo. Na gane rigar ulun da mahaifiyarmu ta saƙa wa babanmu, wadda ya sa ranar da jirginsa ya fita kamun kifi bai dawo ba.

"Goulven. Ƙishirwa nake ji."

Jarumin nawa ya murɗa famfon da ke jikin injin, ya tara tafin hannu, ya miƙa.

Baba ya sunkuya ya kurɓa. Ya ɗago a hankali.

"Wannan ai shi nake sha tun ranar da na tafi."

Ya ɗora jiƙaƙƙen yatsa a kan leɓen Goulven.

Layin ya motso.

Na fizgi kwalar Goulven muka kwasa da gudu, ƙafafu na caɓal-caɓal a bayanmu har ƙofar coci.

Da safe maza suka fasa simintin, amma ina, rijiya ta zama teku. Baƙin suka bi jirgin farko, ko sallama babu. Yanzu tsoho da yaro, kowa ruwan sama yake tara, in ya ƙare a jira na roba daga birni.

Goulven kuwa duk abin da ya kai baki gishiri ne, ko ruwa ko madara ko giyar tasa. Likita ya duba bai ga komai ba. Kullum yana zaune a ƙofata, tumbin ya zube, leɓe ya tsage, yana roƙon in gwada masa na randata ko za a dace. Yana ba ni haushi, kuma ɗan'uwana ne, don haka nakan ba shi. Rabin kofi nake zubawa. Tunda tofarwa zai yi, ba zan yi asarar cikakke ba.