Hannu Mai Jan Zobe

Ina shiga babban ɗakin taro na tsaya cak.

Zanen ɗalibaina ne a jikin bango, tun daga bakin ƙofa har ƙurya, kowanne da sunan mai shi a ƙasa. Ranar taron iyaye ce, sai zagayawa suke suna nunawa da yatsa.

Ni ce malamar zane a makarantar 'yan matan nan. Yarinyar da abu ya ci wa rai ta kasa faɗa, sai in miƙa mata takarda da fenti in ce ta juye shi a nan. Alkawari ɗaya na yi musu: abin da aka zana a ɗakina ba mai gani sai da yardar mai shi. A kabad nake kulle su. Makulli ɗaya yana jakata, ɗayan yana hannun mataimakin shugabar makaranta, mutumin da nake shirin aura.

Sai ga shi ya taho yana murmushin nan da ya saba kashe min jiki da shi.

"Hasken idona, kin ga abin da na shirya miki?"

"Kai ka buɗe kabad ɗin?"

Ya ce don ni ya yi. Ummansa ta zo taron, ita da kullum take cewa ɗanta ba zai auri tashin gidan marayu ba, mai wasa da fenti kamar 'yar goye. 'Yar kawunsa, sakatariyar makarantar, ita ta ba shi shawarar a nuna wa Umma aikina ko zuciyarta ta yi laushi. Ita ta zaɓi zanen, ita ta rubuta sunayen.

Kowa a makarantar ya san ta daɗe tana sonsa, shi kaɗai ne yake yi kamar bai sani ba.

Ban tsaya jin sauran ba, zane ɗaya idona yake nema.

Yana can gaba, an saka shi a gilashi.

Na wata yarinya ce da ƙawayenta ke kira Shiru-shiru, marainiya 'yar shekara goma sha uku da ke zaune wurin gwaggonta. Zango guda ta yi tana kallon farar takarda kafin ta taɓa buroshi. Ranar da ta taɓa, yarinya ta zana a tsugune bayan ƙofa, a samanta wani ƙaton hannu mai jan zobe yana riƙe da wayar wuta. Tun lokacin ni da nas ɗin makaranta muke lallaɓa maganar a asirce, muna neman hanyar raba ta da gidan ba tare da an ƙara mata wata azabar ba.

Mijin gwaggon yana tsaye gaban zanen. Jan zoben yana yatsansa.

Bai ɗaga murya ba. Ya waiwaya ya kira yarinyar da hannu, ya damƙi wuyan hannunta har sai da ta lanƙwashe. Ba ta yi kuka ba, ni ta kalla.

"Malama... kin ce ba wanda zai gani."

Na sha gabansa, ya ture ni gefe kamar tsumma.

A ofishin shugaba mijin gwaggon ya yi ta kumfar baki, wai an zubar masa da mutunci a bainar jama'a, kotu ce za ta raba shi da makarantar. Shugaba ta tambaya wa ya liƙa zanen. Sakatariya ta yi narai-narai da ido ta ce ni na ba ta umarni, ita 'yar aike ce.

Na dubi masoyina. Kalma ɗaya nake jira.

Ya dubi Umma da ta biyo mu ta zauna, ya dubi takalminsa.

"Ɗakin zane dai... a hannunta yake."

Umma ta gyara mayafi ta ce dama tsintacciyar mage ba ta mage. Kafin a tashi makaranta an sallame ni.

Aikin bai dame ni ba. Ni da nas muka wuce hukumar kula da yara, muka faɗi abin da muka sani. Da jami'an hukumar suka isa gidan, gwaggon ta ce an mayar da yarinyar wurin dangin ubanta. Ina ne? Ba ta tuna ba. Na bi tashoshin mota, na bi maƙwabta gida-gida, kowa sai ya kau da kai.

Daga baya gidan marayun da ya raine ni ya ba ni wani ƙaramin ɗaki da teburi, na ci gaba da zane da yaransu. A nan masoyin nawa ya same ni wata ranar Asabar, ina wanke buroshi a bakin famfo. Ya rame, idonsa ya faɗa, kuma wallahi zuciyata ta buga kamar da. Har ga Allah so nake ya ba ni dalilin da zan yafe masa.

Ya durƙusa a jiƙaƙƙen siminti. Ya ce ba ya barci, ba ya cin abinci. Da ya faɗi gaskiya mu biyu za a kora, to da me zai riƙe ni? Umma ta matsa masa ya auri 'yar kawunsa, amma in na ce masa e, yau ɗin nan zai bijire mata.

"Rabin raina, ki tausaya min... ba ni da kowa sai ke."

Hawaye na zubo min na ce na ji, amma ya fara gaya min ko an samu labarin yarinyar.

Ya ɗago kai, fuskarsa cike da mamaki na gaskiya.

"Wace yarinya?"

Na kashe famfo, na tattara buroshina, na ce wa maigadi ya nuna wa baƙon nan hanyar fita.