Numfashin Waƙa Ta Bakwai

"Numfashin wace ce wannan?"

Na cire abin sauraren daga kunnena na dangwarar masa a tebur. Makaɗin da zan aura ya ɗago ya dube ni.

Wata uku ke nan yana kulle a ɗakin naɗar sauti, wai yana haɗa kiɗa kan mutanen da suka fara zuwa sararin samaniya. Bangon duk hotunan kumbo ne. Aurenmu saura sati biyar, Yayana kuwa kullum maganarsa ɗaya: "Wanda hankalinsa ke wata, me zai tsinana miki a ƙasa?"

Jiya kuma mawaƙiyar da ke masa amshi ta tare ni a matakala tana wani yauƙi.

"Ki saurari waƙa ta bakwai... numfashi ne zalla. Mu biyu muka wuni a ɗakin nan muna aikinta."

Yau na saurara. Mace ce, numfashinta kusa-kusa, kamar kanta na kan ƙirjinsa. Kishi ya turnuƙe ni, ai ruwa ba ya tsami banza!

"Masoyiya, zauna..."

"Ba zan zauna ba! Ka faɗa min, ko ka karɓi zobenka."

Ya sauke ajiyar zuciya.

"Idan kumbo ya zagaya bayan wata, magana takan yanke. Matan da ke gida sai su zauna gaban rediyo, ba su san ko mazansu na raye ba. Sautin wannan jiran nake nema. Mawaƙiyar ta gwada sau ashirin, duk na goge."

"To na wa ka saka?"

"Ranar da aka yi hatsari a hanyarmu, wayata a kashe. Kin bar min saƙo, kin manta ba ki katse ba."

Ya kunna asalin saƙon. Bayan numfashin, sai ga muryata tana rawa: "Ya Allah, ka dawo min da shi..."

Kunya ta rufe ni. Amma ban sauka da wuri ba.

"Ka sa tsorona a faifai, ko tambayata ba ka yi ba?"

"Na yi kuskure. Ki ce in goge, yanzu zan goge."

Yatsansa na kan maɓallin. Na bar shi har gumi ya karyo masa, sannan na riƙe hannunsa.

"Bar shi. Amma ka rubuta a jikin faifan: numfashin matata."