Tukuicin Maigadi

Ranar Asabar da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Talata Mafara. Injinan ban-ruwa da Onarabul Sharhabilu, ɗan majalisar jiha, ya ware wa manoman Bakura sun ɓace daga sito. Sakatarensa ya taho da tsoho Hamidu maigadi, da buhun albasar da aka samu a ɗakinsa.

"Da wanga ɓarayi sunka saye shi," in ji sakataren.

Sufeto Hindatu Ishaq ce ta karɓi binciken. Mafara na alfahari da ita, kuma da dalili: manya sun sha aika mata ambulan cike da kuɗi, ambulan ta sha komawa gida da kunya.

Ta duba sito. Ba a fasa kwaɗo ba, da makulli aka buɗe.

"Baba, ina kake jiya?" ta tambayi Hamidu.

"Masallacin Juma'a, ɗiyata. Ban ga komi ba."

"Albasa fa?"

"Saye niy yi."

Bai iya ƙarya ba, ƙasa yake kallo. In ya ci gaba da haka, Litinin kotu, daga nan gidan yari da furfurarsa.

Da azahar matarsa Taibatu ta kawo masa fura. Bayan doguwar gaisuwa Hindatu ta ce, "Inna, ina Baba ya samo albasa?"

"Tukuici na, ɗiyata. Alhaji Muttaka na Maradun yab ba shi, da yak kai mai saƙo."

Hindatu ta ajiye biro. Tukuici ɗan aike ake ba wa. Ke nan akwai wanda ya aiki tsohon.

A gonar Alhaji Muttaka, babban dillalin albasa, ta tarar da injinan suna ta aman ruwa.

"Sakkwato nis sawo su," in ji shi.

Ta ɗaga buhun da aka lulluɓe ɗaya da shi. Ga hoton Onarabul manne a jiki, yana murmushi.

Alhaji ya fusata. "To sai mi? Wa yaz zuba mai ga motocin kamfen Onarabul? Wa yar raba atamfa da taliya? Ni! Ƙudurin rabon ruwa ma da nic ce ya janye, janyewa yay yi. Injinan ga kuwa shi yac ce in riƙa, in rage zafin kuɗin da nik kashe. Ɓarawo ka ba da tukuici?"

Ta kira Onarabul ofis. Ya shigo da babbar riga yana rantsuwa bai san komai ba. Sai ta sa aka shigo da Alhaji da Hamidu.

Rantsuwa ta ƙare. Ya zauna.

"Manoma sunka matsa min da tambaya," ya ce a hankali. "Na rasa abin faɗi. Nic ce in an tsare tsohon kwana biyu, magana ta mutu."

Hamidu ya ɗago kai. "Ranka shi daɗe, kai ka ba ni makulli da hannunka. Niy yi shiru don na ci gishirinka. Ashe ni za ka biya bashi da ni."

"Baba, tashi ka tafi gida," in ji Hindatu.

A waje manoman Bakura sun cika ƙofar ofis. Tsohon ya gyara hula ya ratsa su, kai a sama, Taibatu na bin sa tana guɗa.

Onarabul ya leƙa ta taga. "Sufeto, don Allah a fitar da ni ta baya."

"Da kake neman ƙuri'arsu, ta gaba ka je musu," in ji ta. "Kofur, buɗe ƙofa."