Motar da Ta Maƙale a Giya Uku

Ku matso kusa, ku rage murya. Wanda ya san ba zai iya fita bayan gida shi kaɗai ba, ya tashi tun yanzu.

A wani gareji da ke bakin garin Gumel an yi wani mai wayarin, wato mai gyaran wayoyin wutar mota, sunansa Haladu. Shi ya fara sayen kwamfutar duba mota a layin, tun daga ranar kuwa kansa ya kumbura. In ya ga tsofaffin makanikai sun kasa kunne suna sauraron inji, sai ya yi ta yi musu dariya. Shi dai abin da allon kwamfutarsa bai nuna ba, babu shi a duniya.

Wata Juma'a, rana ta take tsaka, kowa ya rufe rumfa ya tafi masallaci. Haladu ya tsaya, wai sai ya ƙarasa wani aiki. Kun san wannan lokaci ba mutane kaɗai ke yawo ba.

Sai ga wata baƙar mota otomatik ta shigo, injinta na kuka kamar ana jan ta dole. Wani dattijo ne a ciki, da farin gemu da babbar riga da ta sauka har ƙasan sitiyari. Bai fito ba. Gilashi kawai ya sauke.

"Sannu da aiki, Haladu."

Bai taɓa ganin mutumin ba, amma ya ce a ransa ai suna ne ya kai.

"Yawwa, Baba. Me ke damunta?"

"Ta ƙi wuce giya uku. Ni kuwa tafiyata da nisa."

Soket ɗin da ake jona kwamfuta a ƙasan sitiyari yake, wajen ƙafar direba. Haladu ya sunkuya zai jona, dattijon ya tare shi.

"Kawo wayar. Na san wurin."

Yatsunsa sanyi ƙalau, a wannan zafin. Haladu ya goge hannu a wando, ya duba allo. Kwamfuta ta ce sensar da ke auna gudun giyabos ba ta aiko da komai. In motar ba ta san gudunta ba, ai ba za ta yarda ta canja giya ba, sai ta lafe a uku don kada ta illata kanta. Ya shiga ƙarƙashi ya bi wayar da yatsa, ya tarar tsatsa ta cinye bakin soket ɗinta. Ya kankare, ya ɗaure, ya naɗe da tef. Aiki ya yi kyau, har ya ji haushin babu wanda ya gani.

"Saura gwaji, Baba. Ku tuƙa, ni in riƙa duba allo."

Haka aikin yake. Ɗaya na tuƙi, ɗaya idonsa a kan kwamfuta, ba ya ɗaga kai. Haladu ya zauna a kujerar gefe, suka hau titi.

Giya ɗaya, lafiya. Biyu ta shiga, ko motsi bai ji ba. Uku ma haka. Da ta faɗa huɗu, Haladu ya yi murmushi.

A nan murmushin ya tsaya. A allon akwai layin da ke nuna yadda direba ya taka totur. Layin yana sifili. Motar kuwa sai ƙara gudu take.

Ya ɗauka kwamfutar ce ta rikice, ya ɗan bubbuga ta. Ya duba gudun taya, shi ma sifili. Sai a lokacin ya lura ba ya jin ƙarar kwalta a ƙarƙashinsu, ba rami, ba gargada. Ya ɗaga kai. Babu gonakin da ya sani, babu turakun wuta. Wasu manyan tsamiyoyi ne jere hagu da dama, ba inuwa a gindin ko ɗaya.

Tsoro ya kama shi.

"Baba, gwajin ya isa haka. Mu juya."

"Saura giyar ƙarshe," in ji dattijon, bai kalle shi ba. "Tana shiga mun isa gida."

"Gida ina?"

"Motoci sun yi mana yawa a can, duk irin na zamanin nan. Mai gyaran da muka ɗauko tuntuni ya tsufa, idonsa ya mutu. Kullum kuka yake mana a kai shi wajen uwarsa." Ya yi 'yar dariya. "Kai ga ƙuruciya, ga hannu."

Haladu ya tuna tasa uwar, wadda ya bari da safe tana cewa ya taho mata da maganin ƙafa. Ya ja marikin ƙofa a hankali. A kulle. Injin ya fara ɗaga murya, yadda yake yi in giya ta kusa canjawa.

Addu'a ta ƙi fita. Abu ɗaya ya rage a kansa. Ƙwaƙwalwar giyar motar, wani ɗan akwati ne, tana ƙasan dashbod a gefen da yake zaune. In aka zare mata soket, motar za ta koma ta lafe a uku.

"Baba, akwai wata waya da ta saki. In ban danne ta ba, ba za ta shiga ba."

"Yi maza."

Ya zame ya cusa kai ƙasa. Daga nan ya hango abin da babbar rigar ke rufewa. Kofatai ne irin na jaki, a harɗe, nesa da totur. Ɗaya yana ɗan kaɗawa, kamar na mai jiran abinci.

Ya lalubi soket ɗin. Ya ƙi fita. Ya sa farce ya danne maƙallin har farcen ya tsage, ya ce bismillahi da ƙyar, ya fizge.

Motar ta yi wata irin girgiza, injin ya kurma ihu. Tayoyi suka daki ƙasa, ƙofa ta ɓalle, Haladu ya mirgina cikin ƙaya.

Da ya ɗago, motar na tsaye. Dattijon ya sauke gilashi. Babu fushi a fuskarsa, wannan ya fi komai tayar wa Haladu da hankali.

"Ka gyara, ka ɓata. Ba komai. Masu kwamfuta sun yi yawa yanzu."

Ya ja motar, tana kuka, har tsamiyoyin suka shanye ta.

Wasu makiyaya suka tsinci Haladu a dajin da ke bayan Nguru, ba takalmi, leɓɓansa sun tsattsage. Ya komo gida bayan kwanaki, an riga an share makokinsa. Uwarsa ta daɗe tana shafa fuskarsa kafin ta yarda shi ne. Yanzu faci yake yi a bakin tasha, kuma ba ya shiga motar kowa sai ya ga direban ya sauko ya taka ƙasa.

Kai Nafi'u, na ji an ce za a kai ka koyon wayarin. To, kada ka yarda ka zauna a gareji kai kaɗai da tsakar rana. Motar nan ba a gyara ta ba har yau, kuma can ana nan ana jiran mai gyara.