Sunan Bapak a Ƙirjin Riga

"Sunan ya fito ko bai fito ba?"

Lastri na tsaye a bayan shagon ɗinkinta, almakashi a hannu. Danu ya sunkuyar da kai yana juya hular babur ɗinsa.

"Ya fito. Sau uku."

"Sau uku..."

"Wallahi ban lura ba sai da aka gama haɗa fim ɗin, farin cikina."

"Kar ka kira ni haka yau, Mas Danu."

Abin da ke cin ranta shi ne da hannunta ta jawo. Wata takwas da suka wuce aka ba Danu ɗan matsayi a wani fim na barkwanci, ya zo neman kakin ma'aikacin gwamnati. Ta ciro masa tsohuwar rigar mahaifinta daga ƙasan akwati, ta rage hannun, ta goge. Abu ɗaya ta manta ba ta farke ba, wato sunan da ita kanta ta ɗinka a ƙirjin da baƙin zare: HARJONO.

Yanzu ga fim ɗin ya hargitsa gari. An ce ya mai da manya abin dariya, an ce daga sama za a sauke shi ranar Juma'a. Wasu maza ma sun kafa kujera a ƙofar sinima suna ɗaukar hoton duk mai shiga.

Retno ce ta kai labarin gida jiya, 'yar shugaban ofishin mahaifin Lastri, wadda ta daɗe da sa wa Danu ido. Har da kwanon soyayyiyar ayaba ta zo.

"Ayya, Pak Harjono, ashe kun zama ɗan fim? An ce barci kuke ta sharɓa a ofis, jama'a na ta dariya."

Bapak, kamar yadda Lastri ke kiran mahaifinta, bai taɓa ayabar ba. Saura wata huɗu ya ajiye aiki. Da Retno ta fita ya dubi Lastri.

"Ki faɗa wa yaron nan iyayensa kar su zo neman aure ranar Lahadi. Kuma duk wanda ya taka sinimar nan daga gidan nan, ya nemi wani uban."

Danu ya matso kusa da ita.

"Ki je ki gani da idonki. Gobe ne na ƙarshe."

"Ka faɗa min kawai. Barcin ka yi da sunansa?"

"Na yi. Amma duk abin da na ƙara a kai, cewa za ki yi wanke kaina nake."

Ta shige shago ta bar shi a tsaye.

Washegari ta kasa zama. Ta ɗinka wuyan riga a juye, ta farke, ta sake ɗinka shi a juye. In ta je aka ɗauki hotonta, kafin la'asar yana teburin baban Retno. In ba ta je ba, ba za ta taɓa sanin wane irin mutum ta so ba. Ta saka takalmi, ta cire. Ta ɗora shinkafa ta manta da ruwa.

Ƙarfe biyu saura ta rufe shagon, ta ɗaura takunkumin fuska, ta kama hanya.

A ƙofar sinima wani mai baƙin tabarau ya ɗaga waya.

"Sauke takunkumin, 'yan mata."

Ta tsaya. Bayanta hanya a buɗe take, ba wanda zai hana ta juyawa. Ta sa yatsa ta ja takunkumin ƙasa, ta ji ƙarar ɗaukar hoton.

Ɗakin ya cika maƙil. Tana zama warin taba mai kanumfari ya bugi hancinta, sai kuma wani tari da ta sani tun tana goye. A layin gabanta, hula a karkace, Bapak ne.

Ta maƙale a kujera.

Mutane na ta dariya, ita ba ta jin komai, har aka nuno Danu a bakin tebur, HARJONO ɓaro-ɓaro a ƙirjinsa. Wani mai tumbi ya shigo ofis yana raba ambulan na toshiyar baki, kowa na karɓa yana turawa a aljihu. Kafin ya iso, Danu ya kifa kai ya hau munshari, baki a buɗe. Aka girgiza shi, aka buga tebur, bai motsa ba. Mai tumbi ya gaji ya wuce.

Sai Danu ya buɗe ido ɗaya.

Ɗakin ya fashe da dariya. Da ya maimaita dabarar a karo na uku, ba dariya aka yi ba, tafi aka yi.

Lastri ta toshe bakinta da mayafi. Ita ta ba shi wannan labarin, wata rana suna cin tsire a bakin gada: shekara talatin da ɗaya Bapak na barcin ƙarya duk ranar da ambulan ya zagayo, don kar ya karɓa, kar kuma ya kunyata kowa.

Kafaɗun Bapak na rawa. Ba ta gane ko dariya yake ba.

A waje Danu na jingine da babur. Yana ganin su biyun ya miƙe tsaye, hular ta suɓuce masa.

Bapak ya fara juyowa kanta.

"Me na ce game da wanda ya taka wurin nan?"

Ta dubi ƙasa. "To, Bapak... sai mu nemi wani uban mu biyu."

Ya yi tari ya kau da kai.

"Sun ɗauki hotonku?" ta tambaya a hankali.

"Har hula na gyara musu." Ya dubi Danu. "Kai."

"Na'am, Pak."

"Ni ba na buɗe baki in ina barci."

"A gafarce ni, Pak."

"Lahadi bayan la'asar. Ka faɗa wa iyayenka." Ya yi taku biyu ya waigo. "Kuma ka zo min da rigata."