Rake Ya Raba Gardama

A wurin mai gurasa a Gwammaja Nazeer ya fara ganin Bahijja. Kwanansa uku da fara sa robar gyaran haƙora, wata 'yar siririya mai kamar gilashi da likita ya ba shi yana kifawa a haƙoransa don na gaba su miƙe. Harshensa bai saba ba tukuna.

"Thannu, Malama," ya ce.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Dariyar nan ce ta hana shi sakat sai da ya samo lambarta.

"Gimbiyata, haƙorana ne a karkace, amma zuciyata a miƙe take zuwa gare ki," ya rubuta mata.

"To, Mai Thannu," ta amsa, "gidanmu yana gindin Dala. Zo ka faɗa da bakinka."

A zuwansa na uku, kakarta 'Yardada ta leƙo zaure daidai lokacin da ya zare robar zai ci dambu. Ta koma ciki tana salati, tana kiran mahaifin yarinyar.

"Ilu! Saurayin 'yarka ya cire haƙoransa ya sa a aljihu! Tsoho ne wallahi, rinin gashi ya yi!"

Ɗalha, ɗan ƙanwar Malam Ilu da ya daɗe yana son Bahijja, ya ƙara gishiri, wai har jikoki mutumin yake da su. Malam Ilu ya ce kada Nazeer ya sake taka masa ƙofar gida.

Kwana biyu Bahijja tana kuka, sannan ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, don Allah a gwada shi."

Malam Ilu ya yarda a kira shi. 'Yardada ta sa aka sayo rake mai tauri. Nazeer ya zo yana gumi, ya zare robar ya miƙa wa Malam ya jujjuya, sannan ya ɓare raken da haƙori, ya shanye gaɓa huɗu. Aka miƙa wa Ɗalha sauran, ya ce azumi yake yi.

Malam Ilu ya yi ta dariya har da hawaye. "Turo magabatanka, yaro. Allah ya yi muku albarka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, unguwa ta cika da addu'a da guɗa. Da Nazeer ya shiga gaisuwa, 'Yardada ta ja shi gefe.

"Angona, haƙori biyu suka rage min, ɗaya na kallon gabas, ɗaya yamma. Likitan naka zai iya sasanta su?"