Waƙar Rhoda

Ranar da Raki ta fara ganin Nazir, yana durƙushe ne ƙarƙashin teburin haɗa sauti, da wayar wuta a baki, a wani ƙaramin situdiyo da ke Balsall Heath a Birmingham. Daga Manchester ta taho don ta yi hira da mai wurin, Mista Alfred, dattijon da take rubuta aikin digirinta na biyu a kansa.

Alfred mawaƙin salon kiɗan soul ne tun shekarun saba'in. Da murya ta fara gajiya, sai ya koma shirya wa matasa waƙa. Har yau in ka ji wani kiɗa mai taku a hankali, mai barin murya ta numfasa, za a ce maka hannun Alfred ne ko na waɗanda ya rena.

Nazir ya ɗago, ya ga mayafinta, ya tofar da wayar.

"Sannu da zuwa. Bahaushiya ce?"

"Bakatsiniya ma kuwa. Kai ne mai gyaran wuta?"

"Injiniya dai, ranki ya daɗe. Asabar da Lahadi nake zuwa koyon aiki wajen Baba Alfred."

Tun daga nan sunan Injiniya ya bi shi. Hirar da ta yi niyyar gamawa a zuwa ɗaya sai ta ƙi ƙarewa. Ko tana cikin jirgin tram za ta jami'a, saƙonsa na tafe:

"Rakiyata, yau na haɗa sauti duk ya fita daidai, amma ɗakin shiru yake tunda ba kya ciki."

Ta amsa: "Injiniya, ka rage zaƙin baki, kada GP ya ce sukari ya kama ni."

GP ɗin kuwa, wato likitan, mahaifinta ne, Dakta Abdulsalam, kuma bai ga abin dariya ba da maganar Nazir ta je gidansu a Old Trafford.

"Makaɗi, Raki? Duk samarin garin nan?"

"Abba, injiniya ne. Kuma wallahi mai amana ne."

"Ke kika faɗa," in ji shi.

Wata Asabar Alfred ya ɗauko wani tsohon kaset ya saka musu. Muryarsa ce ita kaɗai da fiyano, tana rawa, tana kiran sunan mace.

"Ta matata ce, Rhoda," ya ce. "Na yi ta a shekarar da ta rasu. Kaset ɗin ya fara lalacewa, Nazir zai juye mini a kwamfuta. Ku biyu kaɗai kuka taɓa ji. Kada ta fita daga ɗakin nan."

Ba a yi nisa ba waƙar ta cika intanet. Wani matashin mawaƙi, Asher, abokin Nazir, ya yanki muryar Alfred ya ɗora a kan kiɗan rawa. Raki ta ji ta a wani shagon kaya, samari na karkaɗa kai, Alfred na kiran matarsa a tsakanin ganguna. Nan take ta kama jirgin ƙasa zuwa Birmingham.

Ta tarar da Alfred a zaune, Nazir a tsaye jikin bango.

"Kullum da na'urar ɗaukar murya kike shigo mini," in ji dattijon, bai ko kalle ta ba. "Na ɗauke ki 'ya. Fita."

"Baba, wallahi a kashe take ranar! Nazir, faɗa masa mana!"

Nazir ya sunkuyar da kai. Ta jira. Bai ce uffan ba.

A jirgi tana kuka saƙonsa ya shigo:

"Ni ne, Raki. Na kunna wa Asher a mota don ya ji irin aikin da aka damƙa mini. Ban san ya ɗauka a waya ba. Da Baba ya zarge ki sai tsoro ya ɗaure mini baki."

Ta rubuta: "Waƙar kuskure ne. Shirun da ka yi kuwa zaɓa ka yi. Na rantse wa Abba kai mai amana ne. Kada ka sake nema na."

Ta daina cin abin kirki, ta ajiye aikin makarantar. Abin da ya fi ci mata rai, Abba bai ce "ai na faɗa miki" ba. Shayi kawai yake kawo mata har ɗaki.

Da kaka ta kama, wata Lahadi aka buga ƙofa. Alfred ne da sandarsa, shi kaɗai. Ya cire hula a gaban Dakta, sannan ya juyo wajen Raki.

"'Yata, ki yafe mini. Washegarin ranar da na kore ki yaron ya zo ya faɗi gaskiya, kunya ce ta hana ni zuwa. Ya bi lamarin har aka sauke waƙar, ya fito fili ya ce shi ne sila. Yanzu babu mai ba shi aikin waƙa a Birmingham."

"Kai ka yafe masa, Baba?"

"Na yafe. Amma na karɓi makullin situdiyona daga hannunsa, kuma ba zan mayar ba. Shekara da shekaru ana ɗibar kiɗana, ban taɓa jin zafi ba, don a ɗiba na yi shi. Wannan kuwa tawa ce da Rhoda." Ya dubi Dakta. "Na rena matasa da yawa, likita. Duk sun yi mini laifi. Shi kaɗai ya dawo da ƙafarsa ya faɗa."

Raki ba ta sauko da wuri ba. Sai da hunturu ya wuce ta yarda Nazir ya zo, a falo, Mami mahaifiyarta na jiyo su daga kicin. Ya rame.

"Ban zo da zaƙin baki ba, Rakiya."

"Gara haka. In gobe aka sake nuna ni da yatsa fa?"

"Sai an fara bi ta kaina."

"Ban ce na manta ba, Injiniya."

"Ban roƙi ki manta ba. Ki bar ni dai in zauna kusa, ki gani da idonki."

Ta kalle shi, ta ce, "Ka turo kawunnanka. Abba ya ce zai saurare su."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a a Old Trafford. A wajen walima Alfred ya sha babbar rigar da Dakta ya ba shi, yana ta fama da hannayen rigar. Da aka ce ya sa albarka, ya kama hannun Nazir ya matse har ango ya yamutsa fuska.

"Wannan karon," ya ce, "abin da aka damƙa maka ka riƙe shi."

Sannan ya lalubo Hausar da ya kwana biyu yana haddacewa: "Allah ya ba da zaman lafiya."

Ɗakin ya ɗauka da amin. Raki na share hawaye, ita ma ta amsa, a hankali, har cikin ranta.